Mutumin da Kawu ke gwada lasifika da shi

Ranar Lahadi ce, 28 ga Yunin 2015, an kai azumi sha ɗaya. Mun dawo daga asham, ruwan sama ya ɗauke amma sanyin Jos yana nan daram, na zauna a bakin gado ina latsa waya kafin barci ya zo. Sai ga hotonsa a Facebook: dogon Bature, gashi har kafaɗa, rungume da jitar nan tasa mai ruwan madara. A ƙasan hoton an rubuta 1948, an ja ɗan layi, an rubuta 2015.

Na ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." Ashe da ƙarfi na faɗa.

Uwargida tana tsakar gida tana haɗa kayan sahur, ta shigo da sauri, hannunta jiƙe da ruwa. "Malam, lafiya? Wa ya rasu?"

Na buɗe baki na rasa ta inda zan fara. Na ce wani makaɗi ne ɗan Ingila.

"Cikin 'yan uwanmu da ke can?"

"A'a. Bature ne."

Ta tsaya tana kallona kamar mai jiran ƙarashen magana. Da ta ga babu, ta ce, "To, Allah ya kyauta," ta koma kan tukunyarta. Ban ga laifinta ba ko kaɗan. Kwana takwas kafin nan, ranar Asabar 20 ga wata, Ɗan Maraya Jos ya rasu, garin nan kaf ya girgiza. A bakin masallaci, a tasha, a wurin mai shayi bayan shan ruwa, kowa zancensa yake yi, kowa yana da labarin ranar da ya gan shi da kuntiginsa. Wannan mutuwa ce da ta sami masu ita. Wanda bai taɓa gaisawa da shi ba ma ana yi masa gaisuwa, shi ma yana yi wa wani. Ni kuwa ga ni da shekara arba'in da tara, ƙirjina ya yi nauyi saboda wani Chris Squire da ya mutu a birnin Phoenix na jihar Arizona a Amurka, mutumin da ko sunan Filato ban jin ya taɓa ji, kuma a duk unguwarmu babu wanda zan faɗa wa ya ce mini sai haƙuri.

Bakina ya saba, da an ce wane ya mutu sai "Allah ya jiƙansa" ta fito da kanta. Ta zo har kan harshe na riƙe ta. Na san abin da malamanmu suka karantar game da wanda ba musulmi ba, ban kuma zo nan don in yi jayayya da su ba. Na bar shi da Mahaliccinsa. Amma riƙe addu'ar bai rage nauyin ba, sai ma ya zama kamar an ba ni kaya an hana ni wurin saukewa.

Kawuna ne silar komai. Ƙanin Inna ne, ya yi aikin wuta a ɗaya daga cikin kamfanonin kuza da ke wajen Bukuru, da harkar ta fara ja da baya ya buɗe shagon gyaran rediyo a cikin gari. A shekarun nan Turawan kuza suna ta tattara nasu ya nasu, in za su tafi sai su yi gwanjon kayan gida. Wani injiniya da Kawu ya yi aiki a ƙarƙashinsa ya sayar masa da garmaho na zamani mai amfilifaya da manyan lasifikoki biyu, ya haɗa masa da kwali guda na faya-fayai kyauta, don ba zai iya ɗaukar nauyinsu a jirgi ba. Kawu ba mai jin kiɗan Turawa ba ne. Shi dai a ba shi Shata a rediyo, ko waƙoƙin Indiya in ya yi nishaɗi. Kwalin ya daɗe a ƙarƙashin benci yana shan ƙura, har ranar da ya gano amfanin faifai ɗaya a cikinsa.

A 1978 aka fara tura ni shagon bayan an tashi daga makaranta, ina da shekara goma sha biyu, don kada in yi yawon banza. Aikina shara, miƙo dalma, da riƙe fitila in an ɗauke wuta. Yawancin aikin da ake kawowa na lasifika ne: ta masu bikin aure, ta masu tallar magani a mota, ta masallaci. Takardar lasifika in ta yage, ko koyil ɗinta ya fara gugar maganaɗisu, ba kowane sauti ke tona mata asiri ba. Ka sa muryar mai labarai, lafiya lau za ka ji ta. Sai sauti mai kauri ya zo, wanda ke tura takardar gaba ya jawo ta baya da ƙarfi, sannan za ka ji tana zizz kamar ƙudan zuma ya shiga kwalba. Don haka duk lasifikar da Kawu ya liƙe da gam, in ta bushe, sai ya ce, "Kai, ɗauko mini Mai Gurnani."

Mai Gurnani faifai ne da aka zana wata 'yar ƙaramar duniya a bangonsa, shuɗiya da kore, ta fara tsagewa, wani abu kamar jirgin ruwa mai fukafukai yana shawagi a samanta. Kawu yakan juya shi gefe na biyu, ya hura allurar, ya ɗora ta a kan zobe na ƙarshe. Kiɗan yakan fara ne da gudu, kayan kiɗa duka a tare, kamar garken shanu ya ɓalle a kan gadar katako. Ba a yi minti ɗaya ba sai kowa ya ja baya, a bar wani sauti guda yana tafiya a ƙasa, shi da mai ganga, a hankali, yana taku yana waiwaye. Sauti ne mai kauri amma yana da haƙora. A nan Kawu zai ɗora tafin hannunsa a jikin akwatin lasifikar, ya rufe ido. In ya buɗe ido ya ce, "Ta ɗauke shi," to a kira mai kaya ya biya. In ya ce, "Ta ji tsoronsa," a sake kwancewa.

Wata rana ya kama hannuna ya ɗora a wurin. Katakon yana rawa, rawar tana bin ƙashin hannuna har gwiwar hannu. Ya ce, "Kowa yana jin mai waƙa, ɗana. Mai gyara na ƙasa yake saurare." Maganar sana'a yake yi, ba falsafa ba. Shi bai san ma wane irin abin kiɗa ne ke fitar da sautin ba, yakan ce wata ƙatuwar garaya ce ta Turawa.

Sai da Turancina ya ɗan yi ƙwari na zauna na karanta rubutun da ke jikin bangon. Sunan ƙungiyar Yes, sunan faifan Fragile, an fitar da shi a 1971, mai kaɗa jitar bes kuma, wato jitar da ke fitar da sautin nan mai kauri, Chris Squire. Na tona kwalin na sami wasu nasu guda biyu. Ɗaya bangonsa kore ne da ya fara da duhu daga sama yana washewa zuwa ƙasa, Close to the Edge na 1972, wanda waƙa ɗaya tak ta cinye gefe guda, sama da minti goma sha takwas. Tana farawa da kukan tsuntsaye da ƙarar ruwa mai gudu, can tsakiya a ji ogan, abin kiɗan nan na coci mai bututu, ya cika ɗaki. Wani direba da ke jiran rediyon motarsa ya taɓa tambayata, "Yaro, wannan waƙa ce ko tafiya Legas?" Dariya aka yi, amma ni tsawon bai taɓa damuna ba. Kunnen da ya tashi da Shata, wanda zai kama waƙa ɗaya ya yi ta jan zarenta har kaset ya ƙare, ba zai ji tsoron minti goma sha takwas ba. Abin da ya bambanta shi ne, su waɗannan ba sa zama a kan taki ɗaya. Kana cikin gyaɗa kai sai a sauya lissafin bugun, a bar ka da kai a sama. Daga baya na ji irin wannan reshen na kiɗan rok shi ake kira furog, kiɗan da samarin Ingila suka ɗauko a ƙarshen shekarun 1960 suna so su yi da jita da ganga abin da magabatansu suka yi da manyan ƙungiyoyin goge.

Na samo gwangwanin madara babba, da sandar tsintsiyar Bature, da wayar birkin keke, na haɗa nawa. Ba kuntigi nake nufi ba, Mai Gurnani nake nufi, amma abin da ya fito ya fi kama da na Ɗan Maraya nesa ba kusa ba. Baba ya same ni da shi a bayan ɗaki. Ɗan kasuwa ne, yadi yake sayarwa, mutum mai kunya da tsare mutunci. Bai daka mini tsawa ba. Ya karɓa, ya taka gwangwanin da ƙafa har ya lotse, ya ce, "Mu ba mu gaji roƙo ba." Wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san nauyin wannan magana. Muna son makaɗi, muna yi masa liƙi, muna kuka in ya mutu, amma ba ma so ya fito daga zaurenmu. Da yamma Kawu ya zo gidan, na ji shi daga soro yana cewa, "Alhaji, a yi haƙuri, laifina ne. Kunne nake koya masa don sana'a, hannun ne ya yi gaba." Baba ya ce to a tsaya a kunnen.

Ban tsaya ba. A makarantar koyon sana'a na haɗu da wani yaro ɗan fasto, benci ɗaya muke a ajin wuta. Wata rana ina buga wannan takun na Mai Gurnani da yatsa a kan tebur, sai na ji wani ya ƙarasa mini shi da baki daga gefe. Wansa ya yi karatu a Ingila ya dawo da faya-fayan. Tun daga ranar Kawu ya sa masa suna Ɗan Fasto, sunan ya bi shi har yau. Cocinsu na da jitar bes, wata tsohuwa da wuyanta ya ɗan lanƙwashe. Ranar Asabar in 'yan kwaya sun gama gwaji, sai ya fito da ita ta ƙofar baya, mu zauna a kan dakalin sito, don ni ba na shiga ciki, shi kuma bai taɓa cewa in shiga ba. Tsirkiya huɗu ce, kowace kamar wayar shanya. Satin farko yatsuna suka yi ƙuraje suka fashe, na ce wa Inna ƙarfen dalma ne ya ƙone ni.

A kan wannan dakalin muka gane cewa duk yadda muka yi, sautin mutumin nan ba ya fitowa. Namu bum-bum ne kamar ana daka a gidan maƙwabta. Nasa yana ƙara kamar an bugi ƙarfen gada, kuma kowane sauti a rarrabe. Sai bayan shekaru, da intanet ta zo, na sami amsar, kuma amsar ta mai aikin wuta ce, abin da ya ƙara mini ƙaunarsa. Yawancin masu bes da yatsa suke kaɗawa, shi da 'yar robar nan mai kusurwa uku yake bugawa, kuma yana riƙe ta yadda fatar babban yatsansa ke shafar tsirkiyar nan take bayan robar ta wuce. Tsirkiyoyinsa na kamfanin Rotosound ne, masu kaushin naɗi. Sannan ya sa an raba wayar jitar gida biyu: sautin ƙasa ya tafi amfilifayar bes, na sama ya tafi amfilifayar jita, don haka kauri da kaifi suke fitowa tare, babu wanda ya danne wani. Ita kanta jitar, ƙirar Rickenbacker, ya saye ta ne a 1965 lokacin yana yaron shago a wani kantin kayan kiɗa a Landan, da rangwamen ma'aikata. Shi da bakinsa ya sha ba da labarin yadda ya liƙa mata takardar ado mai furanni a zamanin samartaka, daga baya ya liƙa mata ta azurfa, kuma duk lokacin da aka ɓare sai mai gyara ya kankare katakon, har ta rame ta fi sauran 'yan uwanta rashin nauyi. Ranar da na karanta wannan na yi dariya ni kaɗai. Ashe wani ɓangare na gurnanin da muka yi shekaru muna nema, ɓarnar yarinta ce da kafinta ya rufa wa asiri.

Da na san tarihinsa sai na ga ba ɗan gata ba ne. An haife shi ranar 4 ga Maris 1948 a unguwar Kingsbury da ke arewa maso yammacin Landan, ubansa direban tasi. Yana yaro yana waƙa a kwayar cocin unguwarsu, shi ya sa in ka saurara da kyau za ka ji siririyar murya tana bin ta Jon Anderson, mai waƙar ƙungiyar, daga gefe, tasa ce, yana rera wani abu da baki yana kaɗa wani daban da hannu. Wanda ya taɓa riƙe bes ya san wannan kamar ka shafa ciki da hannu ɗaya ne kana bugun kai da ɗayan. An dakatar da shi daga makaranta saboda tara gashi, bai koma ba. Shi da Anderson suka haɗu a wani ɗan wurin shaƙatawa a unguwar Soho suka kafa Yes a 1968. Abokan kiɗansa suna ce masa Kifi saboda daɗewarsa a bahon wanka, kuma ya yi suna wajen makara, har faifan da ya fitar shi kaɗai a 1975 da kifin ya yi masa suna. Mutane sun yi ta shiga ƙungiyar suna fita, mai ganga ya tafi, mai ogan ya tafi ya dawo ya sake tafiya, har shi mai waƙar ya tafi. Amma daga faifansu na farko a 1969 zuwa na ashirin da ɗaya a 2014, babu guda da ba hannunsa a ciki. Shi kaɗai ne haka.

Ni dai tawa harkar kiɗan ba ta yi nisa ba. Na yi kamar shekara biyu ina bin wata ƙungiya da ke wasa a wani otal daren Asabar, a ɓoye, da jitar haya. Hailaif da rege ake so a wurin. Ni kuma da na sami sarari sai in hau sama in fara zuba surutu da tsirkiya. Shugaban ƙungiyar, wani dattijo mai busa ƙaho, ya jawo ni gefe wani dare ya ce, "Ɗan samari, bes ba ya magana, bes dako yake yi. In ka ajiye kayan ka hau surutu, wa zai ɗauke mu?" A lokacin na ji haushi. Yanzu na san yana da gaskiya a kan kiɗansa, ni kuma na fahimci gwanina rabi da rabi. Squire yana surutun ne da kayan a kansa, bai taɓa saukewa ba. Wannan ne abin da ban iya ba.

A 1987 labari ya kai kunnen Baba. Wani abokin cinikinsa ne ya gan ni. Wannan karon bai taka komai ba, ya kira ni bayan sallar asuba ya ce in zaɓa. Na zaɓa. Ban sake riƙe bes ba sai dai in an kawo gyara shago in ɗan gwada waya. Mutane sukan so in ce na yi nadama ko in ce ban yi ba. Na yi aure, na buɗe shagona na wayarin da gyaran kayan sauti, na ga jikoki, Baba ya rasu yana sa mini albarka. Amma har yau in ina tuƙi, yatsun hannuna na hagu suna taka wani abu a kan sitiyari ba da izinina ba.

Shagon Kawu ya ƙone a rikicin Satumban 2001, tare da layin shagunan gaba ɗaya. Ba zan shiga wannan zancen ba, duk ɗan Jos yana da nasa. Garmahon ya tafi, kwalin ya tafi. Faifai ɗaya ne ya tsira, don tun shekarun baya na naɗa wa Kawu wurin gwajin a kaset, na ce aron faifan zan yi na sati ɗaya, ban mayar ba. Bayan gobarar ya koma gindin wata bishiya da ɗan tebur yana gyaran ƙananan rediyo da tocila. Bai taɓa yin ƙorafi a gabana ba. Sau ɗaya ne, ina zaune kusa da shi yana murza wani sukuru, ya ce ba tare da ya ɗago ba, "Mai Gurnani yana wurinka ko?"

Kunya ta kama ni. Na ce, "Yana nan, Kawu. Gobe zan kawo."

Ya ce, "Bar shi. Da ka cika alkawari da ya ƙone."

Kawu ya rasu a 2009, bayan gajeriyar jinya. Ba shi da ɗa namiji babba, don haka komai a kaina ya faɗo: likkafani, masu haƙa, motar makara, aron tabarmi, shinkafar sadakar uku, rabon 'yan kayan da ya bari. Ina karɓar gaisuwa ina lissafin buhun gawayi. Ban zubar da hawaye ko ɗigo ba, har na ji wata gwaggo tana cewa yaron nan akwai tauri. A zaman makokin ne Inna ta gaya mini cewa kuɗin makarantar koyon sana'ata, shekara uku cur, ba daga shagon yadi suka fito ba. Lokacin kasuwa ta yi wa Baba nauyi, Kawu ne yake kawowa duk zango, ya ba ta a ɓoye, ya ce kada Alhaji ya ji kunya, kada yaron ya sani. A aljihun rigarsa kuma muka sami ɗan littafin bashi, sunayen mutane da abin da yake bin su, fiye da rabi an soke da biro, alhali mun san ba a biya ba. Na ji duk wannan, na gyaɗa kai, na tashi na je neman ƙarin kujeru.

Kukan da ban yi a 2009 ba, shi ya zo mini a daren nan na azumi. Bayan uwargida ta fita na buɗe akwatin ƙarfe na ƙarƙashin gado, na ɗaga takardun fili da na haihuwar yara, na ciro faifan. Ba ni da abin da zan sa shi a kai. Na riƙe shi kawai. A gefen bangon akwai tabon yatsa, baƙi, na gam ɗin lasifika da ya bushe tun ina yaro. Babban yatsan Kawu ne, zanen fatarsa ya fito sarai. Na ɗora nawa a kai. Daga nan ban san yadda aka yi ba, na dai ji ina toshe baki da filo don kada yara su farka. Da aka kira sallar farko idona ya kumbura, na ce mura ce.

Na san Squire ba shi da lafiya. A watan Mayu aka sanar cewa an gano yana da wani nau'in sankarar jini da ba a cika samu ba, zai huta ya yi magani, kuma shi da kansa ya zaɓi Billy Sherwood ya riƙe masa wuri a zagayen wasannin bazara. Na ɗauka hutun ne da gaske. Mutumin da kowa ya tafi ya bari shekara arba'in da bakwai, ban kawo a raina shi ma yana tafiya ba. Sati shida bai cika ba ya mutu, ranar 27 ga Yuni, yana da shekara 67. A watan Agusta Yes ta hau dandamali karo na farko a tarihinta babu shi. Na ga bidiyon a waya: an kashe fitilu, an ajiye jitarsa a tsaye a inda yake tsayawa, an haska ta ita kaɗai. A 2017 kuma, da aka shigar da ƙungiyar zauren karrama mawaƙan rok na Amurka, Geddy Lee na ƙungiyar Rush, wanda ya sha faɗin cewa Squire na cikin waɗanda ya koya daga gare su, shi ya riƙe bes a waƙar Roundabout. Ya kaɗa da kyau ƙwarai, ba ni da abin cewa. Na dai lura an daɗe ana jan ƙafa kafin a karrama su, sai da mai gidan ya bar gidan.

Amma in koma baya. Washegarin wannan daren, Litinin da hantsi, ina shago ina fama da wata amfilifayar masallaci, wayata ta yi ƙara. Lamba ce da na daɗe ban gani ba. Tun bayan rikice-rikicen da suka raba garin nan gida biyu, Ɗan Fasto ya koma can ɓangaren, ni ina nan. Ba faɗa muka yi ba. Hanya ce kawai ta yi tsawo, tafiyar minti ashirin ta koma ta shekara da shekaru. Mukan yi saƙon barka da Sallah da barka da Kirsimeti, shi ke nan.

Ko sallama bai gama ba ya ce, "Ka ji?"

Na ce na ji.

Muka yi shiru, ina jin numfashinsa. Can ya ce, "Sai haƙuri, ɗan'uwa. Ya ƙarin haƙuri?"

Na ce, "Da godiya." Kamar yadda ake amsawa a zaure. Sannan na ce masa shi ma sai haƙuri.

Ya tambaya ko faifan Kawu yana nan. Na ce yana nan, garmaho ne babu. Ya ce na wansa yana sito, allurar ma da sauranta, bari a sha ruwa lafiya a yi Sallah tukuna, ba zai kawo mini kiɗa cikin azumi ba.

Kwana uku bayan Sallah ya zo, da garmahon a but ɗin mota an naɗe shi da tsohon bargo. Gashinsa ya yi fari fat, ya yi tumbi. Muka gaisa, muka tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, na aika yaro ya kawo masa naman Sallah da lemo. Bel ɗin garmahon ya saki, sai da na yanko robar tayar keke na yi masa dabara. Lasifikar da ke kusa ta wani mai kiɗan biki ce da na liƙe da safe, na jona ta. Na juya faifan gefe na biyu, na hura allurar, na ɗora a zobe na ƙarshe. Ƙasa-ƙasa na sa, don maƙwabcina mai sayar da littattafan addini ne.

Shanun suka ɓalle a kan gada. Suka wuce. Sai ga shi yana tahowa a ƙasa, shi da mai ganga, da ƙaiƙayin tsohon faifai a kansa kamar ana soya gyaɗa. Ɗan Fasto ya sunkuyar da kai, yatsunsa biyu suna tafiya a kan gwiwarsa. Ni kuma ban san lokacin da tafin hannuna ya kai jikin akwatin ba. A taku na huɗu ko na biyar na ji ta, 'yar zizz siririya daga gefen hagu na takardar.

Na ce, "Ta ji tsoronsa."

Ya ɗago ya dube ni, sai ya fashe da dariya har da tari, yana share ido da bayan hannu. Muka bar waƙar ta kai ƙarshe a haka, da zizz ɗinta. Muka sake sawa. Wajen ƙarfe biyar ya dubi agogo ya ce bari ya kama hanya kafin magariba, na ce gaskiya ne, na raka shi bakin mota. Na ce ya tsaya in naɗe masa garmahon. Ya ce in bar shi tukuna in gama da lasifikar, zai zo ya ɗauka wani satin.

Na kwance ta a daren, na sake liƙewa, da safe ta ɗauke shi. Garmahon yana nan a shago a kan benci na ciki, an rufe shi da bargon. Yakan zo duk bayan wata biyu ko uku, mu sa faifan, ya tafi kafin magariba. Bai ɗauka ba har yanzu, ni ma ban tuna masa ba.